Zagaya Maroko a motar haya da jakar goyo: amsa ga wani ɗalibi daga Samaru

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. In Allah ya yarda a hutun Disamba zan je ziyara Fas, biza ma ta fito. Bayan ziyara ina da sauran kwana goma sha biyu, ina so in zaga ƙasar da jakar goyo ɗaya a motocin haya saboda guzurina ba shi da yawa: Shafshawan, Marrakesh, in tsallaka duwatsun Atlas zuwa Warzazat, sannan in gangara bakin teku, Agadir da Sawira. Na saba bin motar dare zuwa Legas, shi ya sa nake tunanin in riƙa tafiya da dare don in huta da kuɗin masauki. Me ya kamata in sani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya karɓi ziyara, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Zagayen da ka tsara yana yiwuwa a kwana goma sha biyu, kuma motocin ƙasar ba su da tsada in aka gwada da nisan da suke ci. Sabon da ka yi da hanyar Legas zai amfane ka wajen haƙurin zama da sa ido a kan kaya. Amma a wuri biyu zai ruɗe ka: lissafin nisa, da wannan batu na tafiyar dare.

Mu nan kilomita muke ji mu yanke awa. An ce Kaduna kilomita tamanin, ka san abin da za ta ci in hanya na da kyau. A kan dutse wannan lissafin ba ya aiki. Daga Marrakesh zuwa Warzazat kimanin kilomita 200 ne, amma babbar mota tana cin awa huɗu zuwa biyar. Daga Fas zuwa Shafshawan ta Wazzan shi ma kusan 200 ne, awa huɗu da 'yan kai. Dalili shi ne doguwar mota a hawa da kwana-kwana ba ta wuce kilomita 40 zuwa 50 a awa in aka raba, ga tsayawar cin abinci, ga tirela da za ta shiga gaba a rasa wurin wuce ta. Taswirar waya da ƙaramar mota take lissafi, don haka duk abin da ta ce maka, ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai. Sannan ka ɗauki duk tafiyar da ta kai awa biyar a matsayin yini guda cur, kada ka tsara ganin wani abu a ranar ban da neman masauki da abinci.

Ga yadda zan jera maka. Fas zuwa Shafshawan a mota. Shafshawan zuwa Tanja a mota, awa biyu da rabi zuwa uku ta Tituwan. Daga Tanja kada ka wahalar da kanka da mota: jirgin ƙasa mai gudu, Al Boraq, wanda aka buɗe a Nuwamban 2018, yana kai mutum Kazablanka a awa biyu da minti goma, ka sake wani jirgin zuwa Marrakesh a ƙasa da awa uku. In ka sayi tikiti da wuri ya fi sauƙi. A Marrakesh layin dogo ya ƙare, daga nan sai mota: Warzazat, sai doguwar hanyar Taznakt, Taliwin da Tarudant zuwa Agadir wadda take cin yini, sai Sawira, sai komawa arewa. Ka lura da yadda ake rubuta sunayen a tikiti da allon tasha, domin rubutun Faransanci ne: Ouarzazate, Essaouira, Chefchaouen, Tanger. A baki kuwa 'yan tasha "Kaza" suke cewa, da "Swira", da "Shawen". Motar tafiya tsakanin garuruwa "kar" suke kiranta, "tobis" ta cikin gari ce, kujera kuma "blasa".

Motocin kashi uku ne, kuma zaɓen da ka yi a nan shi ne rabin lafiyar tafiyarka.

Akwai manyan kamfanoni biyu, CTM wanda yake aiki tun 1919, da Supratours na hukumar jiragen ƙasa, wanda aka yi don ya ɗora daga inda dogo ya tsaya, shi ya sa a Marrakesh ofishinsu yana jikin tashar jirgi. Waɗannan ba sa jiran mota ta cika. In tikiti ya ce takwas da rabi, takwas da rabi za a tashi ko da mutum goma ne a ciki, ba kuma wanda zai ce "a jira akwai wani ya je alwala". Kowace kujera da lambarta, ba a ɗaukar na hanya. Abin da ya fi cin baƙi shi ne a manyan garuruwa kowane kamfani da tasharsa. A Fas tashar CTM tana sabon gari, babbar tashar gama-gari kuma tana bakin ganuwar tsohon gari wajen Bab Mahruk, tsakaninsu tafiyar tasi ce. Mutum sai ya sayi tikiti a waya, ya ce wa ɗan tasi "tasha", a kai shi wadda ba ita ba, ya tsaya yana kallon agogo motarsa tana tashi a can wani gefen gari. Nuna wa ɗan tasi sunan kamfanin a tikitin, kuma ka isa da rabin awa a hannu saboda awon kaya. Hanyar Fas zuwa Shafshawan motocin kamfani kaɗan ne a yini kuma baƙi sun yi mata yawa, ka sayi tikitinta kwana biyu kafin ranar. Duk garin da ka sauka, kafin ka bar tasha, sayi tikitin fita.

Kashi na biyu su ne na babbar tasha, wadda za ka ga an rubuta "gare routière". Nan kam gida ne, kamar ka sauka Kwangila: 'yan kamasho na kiran gari, wani ya kama maka jaka tun kafin ka faɗi inda za ka. Kada ka saki jakar, ka taka da ƙafarka zuwa tagar da aka rubuta sunan garin, ka biya a nan a ba ka tikiti mai lokaci. Sun fi araha da kaɗan, sun fi yawan tashi, suna shiga ƙauyukan da manyan kamfanoni ba sa zuwa. Amma suna tsayawa ko'ina, tafiyar awa uku ta koma biyar, kuma ingancin motar sa'a ce. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba laifi. A kan Atlas, ni dai ban ga hikimar tsimin dirhami ashirin ko talatin a kan birkin da ba ka san ranar da aka duba shi ba.

Na uku babbar tasi, "grand taxi", mai ɗaukar mutum shida, kuɗin kujera, sai ta cika ta tashi, daidai da ƙananan motocinmu na Kaduna da Kano. A da tsofaffin Marsandi ne, biyu a gaba huɗu a baya, yanzu galibi an sauya su da masu kujera shida na gaskiya. Ita ce maganin gajerun hanyoyi da ranar da mota ta wuce ka. Ka tambayi fasinjan da ke zaune nawa ya biya kafin ka tambayi direba, kuma ka faɗa a fili cewa blasa ɗaya kake so, in ba haka ba a ɗauka shatar motar ka yi.

Yanzu batun dare. Motar dare a hanyar Legas barazanarta daban, ta dutse daban. Hanyar Marrakesh zuwa Warzazat tana bi ta mashigar Tizi n'Tishka, tsayinta mita 2,260 daga doron teku. Don ka gane, Zariya ba ta kai mita 700 ba, Jos kusan 1,200, tsaunin Mambila wajen 1,600. Ka ɗauki Hawan Kibo ka yi ta maimaita shi na awa biyu, dutse a hannu ɗaya kwazazzabo a ɗaya hannun. An faɗaɗa hanyar a 'yan shekarun nan, an yanke kwanoni da dama, amma gangara tana nan gangara. Abin da ke kashe mota a irin wannan wuri zafin birki ne. Mota mai nauyin tan goma sha wani abu in direba ya dogara da birkin ƙafa kawai a doguwar gangara, takalmin birki yana yin zafi har ya daina kamawa, ya taka ya ji wayam. Direban ƙwarai ƙaramar giya yake sawa tun daga sama ya bar inji ya riƙe motar, ya haɗa da na'urar rage gudu da manyan motocin zamani suke da ita. In kana ciki ka ji injin yana gurnani motar tana sauka a hankali, alheri ne. In ka ji shiru tana zurarawa, ko warin ƙonewa kamar an bar tukunya a wuta, to direba yana cin birki. Da rana direba yana ganin kwana tun daga nesa, yana ganin dutsen da ya gangaro kan titi. Da dare a Disamba ga duhu, ga barci, ga ruwan da ya kwanta a kwalta ya daskare ba a ganinsa. A Satumban 2012 wata mota da ta taso daga Zagora za ta Marrakesh ta faɗa kwazazzabo a wannan hanya cikin dare, mutum 42 suka rasu. Ajali na hannun Allah, amma ka ɗaure raƙuminka: Tishka da hanyoyin Rif, wato duwatsun arewa inda Shafshawan take, da rana. In motar tana da bel, ɗaura, ko da kai kaɗai ne ka ɗaura.

Tsimin da kake hange ma bai kai yadda kake zato ba. Yawancin hanyoyin da ka lissafa awa uku zuwa biyar ne, in ka tashi da dare ƙarfe biyu ko uku za a sauke ka a garin da ba ka sani ba, cikin sanyi, masaukai a rufe, tsohon gari lungu-lungu ba mota. Kuɗin gadon da ka tsimi ɗan tasin dare zai karɓe, washegari kuma barci ya cinye. Gado a ɗakin haɗaka na matafiya ba shi da tsada a duk garuruwan nan. In dole sai ka yi dare ɗaya, yi shi a tagwayen hanya irin ta Agadir zuwa Kazablanka, a motar kamfani.

"Da rana" ɗin ma akwai lissafi. Tun 2018 agogon Maroko daidai yake da namu, ban da watan azumi da ake mayar da shi baya da awa guda. Amma ƙasar tana can yamma da arewa, saboda haka a Disamba a Marrakesh rana ba ta fitowa sai bayan takwas na safe, ta faɗi wajen shida da rabi. Motar bakwai na safe cikin duhu take tashi, ana idar da asuba ke nan. Motar da ta bar Marrakesh ƙarfe huɗu na yamma kuwa duhu zai same ta a kan dutse. Nemi wadda ke tashi tsakanin takwas da azahar.

Disamba damina ce da hunturu a haɗe a can, saɓanin namu. Ruwa daga Nuwamba zuwa Maris yake, a Rif yana zuba sosai, a kan Atlas kuma dusar ƙanƙara ce. In ta sauka jandarma, jami'an tsaron wajen gari, suna sauke shinge a gindin dutse, ba mai wucewa sai motocin share hanya sun gama, wani lokaci awoyi kaɗan, wani lokaci a kwana. Babu gajeriyar hanyar kewaye. Amma tsarinka zobe ne, wannan kuwa gata ne: in ka tashi a Marrakesh aka ce Tishka a rufe take, juya zoben, ka fara da Sawira, Agadir, Warzazat, ka tsallako dutsen a ƙarshe. Saboda haka kada ka biya kuɗin masaukan da ba a mayarwa tun daga gida, kuma ka bar kwana ɗaya cikin goma sha biyun ba ka ɗora masa komai ba. Akwai wata mashigar, Tizi n'Test, da ke fita Tarudant kai tsaye. Za ka ga tana da kyau a taswira. Ta fi Tishka ƙunci nesa ba kusa ba, kuma ta ratsa yankin da girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023 ta fi yi wa ɓarna. Bar ta sai wata tafiyar.

Sanyin kansa kada ka auna shi da hunturun Zariya. Duk mita dubu da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi. Ka bar Marrakesh da 'yar rana mai daɗi, a saman Tishka iska ta soke ka har ƙashi. Garin Ifran da ke kudu da Fas an taɓa auna digiri 23.9 ƙasa da sifiri a 1935. Kuma yawancin masaukai masu araha ba abin ɗumama ɗaki, sai bargo. Riga ɗaya mai kauri ba ta kai uku marasa kauri ba: ta ciki mai kama jiki, suwaita, sai jaket mai tare iska da ruwa, ka riƙa cirewa kana ƙarawa. Duk za ka samu a gwanjon Sabon Gari da arha, tare da safa mai kauri ƙafa uku, hular sanyi mai rufe kunne da safar hannu. Takalmi rufaffe mai taya a ƙasa, duwatsun da aka shimfiɗa a lungunan Shafshawan in sun jiƙe santsi gare su. Kaftani ɗaya da hula don Juma'a da zawiya sun isa.

Jaka mai cin lita 40 zuwa 50, nauyi kilo goma zuwa goma sha biyu, da maɗaurin ƙugu na gaske don nauyin ya sauka a kwatangwalo ba a kafaɗa ba. Za ka gode wa wannan shawarar a Shafshawan, inda tasha take ƙasan gari, tsohon garin kuma yana sama, hawa ne tsaye. A motar kamfani ba a shiga da babbar jaka. Akwai teburin kaya daban da tagar tikiti: ka ɗora jakar a sikeli, ka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, galibi dirhami biyar zuwa goma, a liƙa mata takarda mai lamba a ba ka rabin. Wannan 'yar takardar ita ce shaidarka, sa ta cikin fasfo, ba aljihun wando ba. Kafin ka miƙa jakar, ɗaure duk igiyoyin da ke reto, ka juya maɗaurin ƙugu ka ɗaure shi ta baya, domin bakin ƙofar but yana tsinke su. Sa ta cikin babbar leda ko buhu, but ɗin mota ba ya rasa ruwa, man zaitun da ya zube ko kwalin kifi in hanyar teku ce. Tsaya ka ga an sa ta da idonka. A motocin babbar tasha, duk inda aka tsaya aka buɗe but, leƙa ta taga.

Abin da ba za ka iya rasawa ba ba ya shiga but, ba ya hawa maratayar sama: fasfo, kuɗi, waya, caja, fawa bank, magani. 'Yar jaka a kan cinya, hannunta a saƙale da hannunka in za ka yi gyangyaɗi. Kuɗi kashi biyu, rabi a jikin fata ƙarƙashin riga. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, cajarmu mai baki uku ba ta shiga, sayi mahaɗi tun a PZ.

Fasfo yana da dalili na musamman. Sabta da Malila, garuruwa biyu da ke hannun Sifaniya, suna jikin arewacin Maroko, kuma ta nan masu neman tsallakawa Turai suke bi. Saboda haka a hanyoyin Tanja, Tituwan da Nadur, da can kudu bayan Agadir, jami'an tsaro suna tsayar da mota, kuma gaskiyar magana baƙar fata aka fi tambaya takarda, wani lokaci tun a tagar sayen tikiti. Abin ba daɗi, amma gardama ba ta da riba. Ka riƙe fasfo na ainihi, da tikitin komawa gida a buge a takarda, da shaidar masaukin da za ka, da katin makaranta. Ranar da ka sauka filin jirgi za a rubuta wata lamba a jikin hatimin shiga, duk masaukin da ka je sai sun nemi ta, ka kwafe ta. Ka yi sallama, ka miƙa takarda, ka ce ziyarar Sidi Ahmad Tijani ka zo, galibi maganar ba ta wuce nan. Sannan al'adarmu ta tasha, wani ya ce don Allah riƙe mini saƙon nan ka ba wane, ka bar ta a gida. Duwatsun Rif wurin noman wiwi ne, a Shafshawan za a yi ta yi maka tayi a hanya, kuma ƙullin da aka samu a hannunka naka ne a idon doka. Magungunanka su zauna a kwalinsu na asali, kada ka ɗauki masu sa maye irin tiramadol ko na tari mai kodin. Lambar 'yan sanda 19, jandarma a wajen gari 177, motar asibiti 15.

Wanda bai taɓa amai a mota ba yana iya farawa a Tishka. Abin da ke jawo shi saɓani ne: kunnen ciki yana jin ana juyi, ido kuma in yana kan waya ko bayan kujera yana cewa a zaune ake. Maganinsa ka sa su yarda da juna. Zaɓi kujera a kashi na gaba na motar, tsakanin tayoyin gaba da tsakiya, domin baya ne ya fi lilo. Ka kafa ido can nesa kan hanya, kai a jingine, waya a aljihu. Kada ka hau da yunwa, kada kuma ka cika ciki da maiƙo: burodi, shayi, dabino kaɗan. Citta tana taimaka wa wasu. In ka san kana da shi, kantin magani a nan Zariya suna da Stugeron, babba yana shan ƙwaya biyu masu miligiram 15 awa biyu kafin tashi, ko Avomine ƙwaya ɗaya. Sirrin shi ne kafin tashi, in zuciya ta riga ta tashi ƙwayar ba ta zama. Suna sa barci, ka gwada a gida tukuna, ka kuma gaya wa mai kantin in kana shan wani magani. Leda biyu a aljihu ko ba don kanka ba. Kunne zai toshe a hawa da sauka, haɗiye yawu ko hamma yana buɗe shi.

Tsayin Tishka ba ya kawo ciwon ƙarancin iska ga mai lafiya, wannan galibi daga mita 2,500 yake farawa, kai kuma wucewa kawai za ka yi. Mai sikila daban ne: sanyi, ƙishirwa da tsayi duk suna tayar da ciwon, lallai ya ga likitansa kafin ya tsara wannan hanya. In wani ya kwaɗaita maka hawa Tubkal, mita 4,167, wanda ya fi kowane dutse tsawo a arewacin Afirka, a Disamba aikin masu kayan ƙanƙara ne da ɗan jagora, ba irin hawan Kufena ranar hutu ba.

Galibin motocin ba bayi a ciki. Ana tsayawa bayan awa biyu zuwa uku, minti ashirin ko talatin, kuma a nan ne za ka yi komai. In direba ya kashe mota ya faɗi minti, duba agogo, ka ɗauki hoton lambar motar, don sau da yawa uku iri ɗaya ne a jere. Bayi da alwala tukuna, akwai mai gadi da ake ba dirhami ɗaya ko biyu, ruwan kuwa kamar ƙanƙara. Sannan sallah, kusan kowane zango yana da ɗan masallaci. Abinci a ƙarshe. Za ka ga mahauci ya rataye rago a ƙofa, kusa da shi mai gashi yana fifita garwashi. Wurin mahauci ake sayen nama da awo, rubu'in kilo ya ishi mutum ɗaya, ya niƙa maka da albasa da ganye in kana so, ka miƙa wa mai gashi, shi ma a biya shi nasa daban, a kawo da burodi da shayin na'ana'a. Ya fi tajin, dahuwarsu ta tukunyar ƙasa, da ya yini a kan wuta ba ka san tun yaushe ba. Tambayi kuɗi kafin a yanka. In an faɗi lambar da ta firgita ka, wataƙila da riyal ake lissafi, a yawancin kasuwanni riyal ashirin ne dirhami ɗaya, ka ce a faɗa maka da dirhami. Direba zai danna ham sau ɗaya ko biyu, ba lallai a ƙirga kai ba.

Mutanen ƙasar Malikawa ne kamar mu, amma kada ka zaci za a ce "sallah, direba" ya faka. Abin da ke Risala da Iziyya shi zai yi maka aiki: tafiyar barid huɗu, mil 48, ana kasaru, sai in ka yi niyyar zaman kwana huɗu a gari. In rana ta karkata kana tasha kuma ka san ba za a sauka ba sai bayan faɗuwarta, akwai sauƙin haɗa azahar da la'asar kafin a hau. Ka zauna da malaminka ku bi wannan babin kafin ka tashi. Masallatai da yawa ana rufe su tsakanin salloli, 'yar darduma mara nauyi tana da amfani.

Bakin teku ya fi sauƙi, amma ba miƙaƙƙiya ba ce. Agadir zuwa Sawira kimanin kilomita 175, awa uku zuwa uku da rabi. In za ka arewa, teku tana hagu, nemi kujerar taga a ɓangaren direba. Za ka gan ta ta Tagazut har wajen Tamri mai ayaba, daga nan hanya ta shige tuddan itatuwan argan tana murɗawa, masu amai su sake shiri. Ka kula, motoci da yawa da aka ce "Agadir" a Inzigan suke saukewa, wani gari mai babbar tasha kudu da Agadir, sai ka ƙara tasi. Tambaya kafin ka biya. Sawira garin iska ne, jaket ɗin dutse zai sake fitowa, kuma danshin teku ba ya barin wanki ya bushe a dare ɗaya, ka yi wankinka a Warzazat inda iska take a bushe. Ruwan Atlantika a nan sanyi gare shi kuma yana ja ta ƙasa, wanda iyakar iyonsa rafin Kubanni ya tsaya iya gwiwa.

Ba a canza naira a can, ka tafi da dala ko yuro masu tsabta. Ka riƙa fasa takardar dirhami 200 a manyan kantuna, don mai awon kaya da ɗan tasi ba su da canji. Dirhami ba a fita da shi da yawa, kuma ba shi da kasuwa a nan, ka ajiye rasit ɗin canji don mayar da ragowar a filin jirgi.

Daga Sawira zuwa Kazablanka mota tana cin wajen awa shida, ko ka yi awa uku zuwa Marrakesh ka hau jirgin ƙasa. Ko wanne ka zaɓa, yi shi ana gobe tashinka, ka kwana Kazablanka kusa da tashar Casa Voyageurs. Daga nan akwai jirgin ƙasa da ke shiga har ƙarƙashin filin jirgin Muhammad na Biyar, amma ba ya aiki tsakar dare. In jirginka na sassafe ne ko na cikin dare, duba lokacin jirgin ƙasa na ƙarshe tun da rana, ka kuma ware kuɗin tasi a gefe da dirhami.